Makonni Shida a Ajin Tarihin Fadar Manchu a Titin Gidan Zoo

A wani bene da ke kan Titin Gidan Zoo a nan Kano akwai cibiyar koyar da harshen Sinanci, wadda yawancin ɗalibanta 'yan kasuwar Kantin Kwari ne da masu sayar da wayoyi, waɗanda suke zuwa Guangzhou saro kaya kuma suka gaji da dogaro da tafinta. A bana cibiyar ta ƙara wani darasi da ba shi da alaƙa da ciniki, na makonni shida, kowace Asabar daga bayan La'asar zuwa kiran Magariba, a kan rikicin gadon sarauta a daular Qing, wato daular da Manchu, mutanen arewa maso gabashin Sin, suka kafa suka mulki ƙasar Sin daga 1644 zuwa 1912. Na biya naira dubu goma sha biyu, na kuma halarci dukkan zaman shida. Hukuncina shi ne darasin ya cancanci kuɗinsa, amma rabon lokacinsa ya karkata ƙwarai, har ya zama ɓangaren da ya fi buƙatar natsuwa shi aka wuce da gudu.

Malamin matashi ne da ya yi karatu a arewa maso gabashin Sin, kuma ya zauna a Shenyang, birnin da Nurhaci, wanda ya kafa gidan sarautar Manchu, ya mayar da shi fadarsa a 1625. Da hotunan da ya ɗauka da kansa a tsohuwar fadar garin ya buɗe zaman farko, kuma ban ga wata hanyar buɗewa da za ta fi wannan ba. Ya nuna mana zauren sarki a tsakiya, sannan ƙananan zauruka goma a jere dama da hagu, takwas daga cikinsu na shugabannin tutoci takwas ne, wato rukunonin da aka kasa Manchu a cikinsu. Ya ce mu riƙe wannan hoton a zuciya, domin gini ne na mutanen da suka ɗauki sarki a matsayin babba cikin manya, wanda yake zama kusa da 'yan majalisarsa a fili ɗaya. Duk abin da ya biyo baya a makonni shida labari ne na yadda waɗannan zauruka goma suka rasa ƙarfinsu, har zaɓen magaji ya koma hannun mutum ɗaya. Wannan zaren da ya riƙe shi ne babban abin da mutum yake saye da kuɗinsa, domin jerin sunaye da shekaru kowa na iya samu a intanet.

Mako na farko da na biyu su ne mafi kyau. Nurhaci ya tsara mutanensa cikin tutoci, huɗu da farko, sannan takwas a 1615, ya kuma ayyana kansa sarki a 1616. Manchu ba su da ƙa'idar cewa ɗan fari ne yake gado. Babban ɗan Nurhaci mai suna Cuyen an kashe shi a 1615 da umarnin mahaifinsa, bayan ya ɓata da ƙannensa da manyan fadawa, ƙanen Nurhaci kuwa, Shurhaci, a tsare ya mutu a 1611. Da tsohon ya rasu a 1626, manyan 'ya'yan sarauta huɗu ne suke riƙe da ragamar al'amura: Daishan, da Amin, da Manggultai, da Hong Taiji. Suka daidaita a kan Hong Taiji, ɗa na takwas, kuma a wannan lokacin aka tilasta wa Abahai, matar Nurhaci kuma mahaifiyar Ajige da Dorgon da Dodo, ta kashe kanta domin a binne ta da mijinta. Malamin ya nuna yadda Hong Taiji ya fara mulki yana zaune a jere da sauran ukun ana kwasar gaisuwa, sannan ya zame su ɗaya bayan ɗaya. An tsare Amin a 1630 bisa laifin barin garuruwan da aka ba shi tsaro, an rage wa Manggultai daraja a 1631 saboda ya zare takobi a gabansa, Daishan kuwa ya fahimci inda iska ta dosa ya sunkuya. A 1636 ne Hong Taiji ya sa wa daular suna Qing, wanda malamin ya dage mu riƙa furta shi kamar "Cing".

Zaman da ya yi a kan shekarar 1643 ya isa a biya masa kuɗi shi kaɗai. Hong Taiji ya rasu ba zato ba tsammani bai ambaci magaji ba, fada ta rabu biyu tsakanin babban ɗansa Hooge da ƙanen marigayin, Dorgon. Tutoci biyu masu ruwan ɗorawa, waɗanda suke ƙarƙashin marigayin, suka tsaya a kan lallai ɗan sarki ne zai hau, farare biyu kuma suna bayan Dorgon. Malamin ya raba mu gida biyu ya ce kowane ɓangare ya kawo hujjarsa, kuma cikin minti goma ajin ya ɗauki zafi kamar taron rabon gado. Da muka kasa daidaitawa sai ya gaya mana abin da Manchu suka yi: suka bar manyan biyu, suka ɗauko Fulin, ɗa na tara, yaro ɗan shekara biyar, suka naɗa Dorgon da Jirgalang, ɗan Shurhaci, su riƙe masa ƙwarya. Shekara guda bayan haka Dorgon ya shiga Beijing da taimakon janar Wu Sangui, bayan 'yan tawayen Li Zicheng sun riga sun kawar da daular Ming. Hooge ya mutu a kurkuku a 1648, Dorgon ya ɗauki matarsa, ya ture Jirgalang gefe, ya kuma sa ana kiransa uban sarki. Ya mutu a wajen farauta a ranar ƙarshe ta 1650, kuma bai yi wata uku a kabari ba aka tuɓe masa dukkan muƙamansa aka wulaƙanta gawarsa. Sai a 1778 sarki Qianlong ya mayar masa da martabarsa.

A nan ne wani dattijo daga cikin birni, tsohon malamin makaranta da ke zama a layin gaba, ya ɗaga hannu ya ce, "Allah gafarta Malam, ai wannan namu ne, masu zaɓen sarki ke nan." Amsar malamin ta burge ni. Ya ce, "Baba, kamar akwai, amma ku dubi bambancin." A Kano Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta su ne masu zaɓe, kuma sun fito daga gidajen da ba sa neman gadon sarautar, ga Sakkwato kuma a sama a wancan zamani tana tabbatarwa. A wurin Manchu kuwa masu zaɓen su ne masu nema, kowannensu ɗa ne ko jika ko ɗan ɗan'uwan Nurhaci, kowannensu da rundunarsa a bayan gari, kuma babu wata hukuma a samansu da za ta raba gardama. Ya ƙara da cewa ko a nan, da Sarki Muhammadu Bello ya rasu a 1893 kuma Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur, Yusufawa suka fice zuwa Takai, aka yi basasa har Alu ya shiga Kano a 1894. Abin da ya ce ya fi ba shi mamaki a 1643 shi ne yadda mutane masu makamai, waɗanda ba su da alƙali, suka gwammace yaro a kan yaƙi, domin sun san idan suka yi faɗa da juna damar cin ƙasar Sin ta kuɓuce. Wasu sun so su ja zancen zuwa rikicin sarauta na zamanin nan, ya ce ajinsa a tarihi ya tsaya, kuma ina ganin ya yi daidai.

Duk da haka, kwatanta abubuwa da na gida yana da iyaka, kuma malamin ya ƙetare ta a wasu wurare. Yana kiran yarima mai jiran gado Ciroma, yana kiran mahaifiyar sarki Mai Babban Ɗaki, kuma waɗannan suna taimaka wa kunne. Amma kalmar tuta ta rikita mutane, domin Bakano idan ya ji an ce mai tuta, tunaninsa yana tafiya ga malaman da suka karɓo tuta daga Shehu Usmanu. Tutar Manchu kuwa rajista ce ta gidaje, wadda ake haifar mutum a cikinta, ta ƙunshi mayaƙi da iyalinsa da bayinsa, kuma ta nan ake biyansa ake hukunta shi. Sai a mako na uku malamin ya fayyace wannan, bayan an yi makonni biyu wasu suna ɗauka cewa tutoci takwas masarautu takwas ne masu iyaka a ƙasa.

Hawan sarki Kangxi a 1661 an bi shi da kyau amma a taƙaice. Sarki Shunzhi, wato Fulin, ya mutu da cutar agana yana da shekara 22, aka zaɓi ɗansa na uku wanda bai cika shekara bakwai ba, kuma babban dalili shi ne yaron ya riga ya yi agana ya warke. Saboda abin da aka gani a hannun Dorgon, sai aka ɗauko masu riƙon ƙwarya huɗu daga wajen jinin sarauta: Sonin, da Suksaha, da Ebilun, da Oboi. Dabarar ba ta hana komai ba, domin Oboi ya sa an kashe Suksaha a 1667, shi kuma Kangxi ya kama shi a 1669 yana ɗan shekara 15. Na so a ce an ƙara tsayawa a kan kakarsa Xiaozhuang, Bamongoliyar da ta ga hawan ɗanta da na jikanta, amma jimloli kaɗan aka ba ta.

Daga nan sai darasin ya faɗa cikin rikicin 'ya'yan Kangxi, ya kuma yi makonni biyu da rabi a ciki. Ba na musun cewa labarin yana da daɗi. Kangxi ya yi shekara 61 yana mulki, kuma ya bi al'adar Sinawa ya ayyana magaji a fili, ya naɗa ɗansa na biyu Yinreng a 1675 yana goye, bayan mahaifiyar yaron ta rasu wajen haihuwarsa. Malamin ya bayyana illar wannan da kyau: yariman da ya yi shekara fiye da talatin yana jira dole ya tara fada ta biyu a cikin fada, kuma dole sarki ya fara ganin ɗansa a matsayin kishiya. Songgotu, ɗan'uwan kakan yariman na wajen uwa, shi ne jagoran ɓangarensa, wani babban bafade mai suna Mingju kuma yana adawa da shi. An sauke Mingju a 1688, Songgotu ya mutu a tsare a 1703. A 1708 Kangxi ya tuɓe Yinreng, ya mayar da shi a 1709, ya sake tuɓe shi a 1712, bai kuma ƙara ambatar magaji a fili ba. Babban ɗansa an yi masa ɗaurin talala bisa zargin ya sa an yi wa ƙanensa sammu. Da sarki ya nemi manyan fada su ba da shawara a ƙarshen 1708, suka taru a kan ɗa na takwas, Yinsi, sai ya fusata ya yi watsi da zaɓinsu yana goranta ƙanƙantar asalin mahaifiyar yaron. Malamin ya mayar da mu ga hoton zauruka goma a daidai wannan gaɓar, ya ce a 1643 shawarar manya ita ce ta naɗa sarki, a 1708 kuwa goyon bayansu shi ne ya kashe takarar wanda suka goya wa baya.

Abu biyu ne suka ƙara min ganin ƙimar malamin a wannan ɓangare. Na farko, ya ƙi yarda a taƙaita batun da kalmar 'yan ubanci, wadda kowa a ajin ya yi saurin kamawa. Ya nuna cewa ɗa na huɗu, Yinzhen, da ɗa na 14, wanda aka fi sani da Yinti, 'yan ɗaki ɗaya ne, uwa ɗaya uba ɗaya, amma su ne suka zama manyan abokan hamayya a ƙarshe, yayin da ɗa na 13, Yinxiang, wanda ɗan uba ne, ya zama amintaccen Yinzhen har mutuwa. Na biyu, yadda ya bi da zargin maguɗin wasiyya. Kangxi ya rasu a watan Disamba na 1722, Yinti yana can arewa maso yamma da rundunar da aka ba shi tun 1718, kuma Longkodo, shugaban dakarun tsaron Beijing, shi ne ya sanar da cewa Yinzhen aka bar wa gadon. Jita-jitar da ta yaɗu ita ce an gyara harafi guda a takardar, "na goma sha huɗu" ya koma "ga na huɗu". Malamin ya rubuta haruffan a allo ya nuna yadda gyaran zai yiwu a rubutun yau da kullum, sannan ya nuna dalilin da ya sa bai zauna ba: irin waɗannan takardu ana rubuta su har da harshen Manchu, inda wannan dabarar ba ta aiki, kuma salon rubutun fada yana sa wata kalma kafin lambar ɗan sarki. Bai tsaya nan ba, ya ce wannan ya rushe jita-jitar harafi ne kawai, bai tabbatar da abin da tsohon ya furta a daren da ya rasu ba, domin mutane ƙalilan ne a wurin. Kasafai ake samun mai ba da labari da zai bar daɗin jita-jita ya tsaya inda hujja ta tsaya.

Abin da Yongzheng, wato Yinzhen bayan ya hau, ya yi wa 'yan'uwansa an karanta shi ajin ya yi tsit. An cire Yinsi da ɗa na tara Yintang daga rajistar gidan sarauta, aka sa musu sunayen wulaƙanci, dukansu suka mutu a tsare a 1726. An tura Yinti gadin kaburburan sarakuna sannan aka tsare shi. Waɗanda suka taimaka masa ma ba su tsira ba, domin an umarci janar Nian Gengyao ya kashe kansa a farkon 1726, Longkodo kuma ya mutu a tsare a 1728.

A nan matsalar kayan karatu ta fito fili. Takardun da aka raba mana kwafi ne da tawadarsa ta kusa ƙarewa, kuma dukkan 'ya'yan Kangxi sunansu da "Yin" yake farawa, har ɗa na farko da na uku iri ɗaya ake rubuta sunansu da baƙaƙen boko. Babu jadawalin nasaba ko ɗaya. Sai a mako na huɗu wata ɗaliba daga jami'a ta zana nata da hannu, muka riƙa ɗaukar hotonsa da waya. Cibiyar da ke karɓar kuɗi bai kamata ta bar wannan aikin ga ɗalibai ba. Shawarar da zan ba wanda zai shiga ita ce ya riƙe 'ya'yan da lambobinsu, na huɗu da na takwas da na 14, kamar yadda malamin da kansa ya koma yi da ya ga mun ruɗe. Ɗakin ma ƙarami ne ga mutanen da aka ɗauka, fanka ɗaya ce ke aiki, kuma sau biyu wuta ta ɗauke aka ɓata kusan kwata ana neman mai tayar da janareta.

Babban ƙorafina shi ne mako na ƙarshe. A 1723 Yongzheng ya kafa tsarin ɓoye sunan magaji: sarki zai rubuta suna ya rufe a akwati, a ajiye a bayan wani allo da ke rataye a sama a zauren Qianqing na fadar Beijing, ba za a buɗe ba sai a ƙarshen mulkinsa. Wannan shi ne ƙarshen zaren da aka fara ja tun daga zauruka goma, domin yanzu babu majalisa mai zaɓe kuma babu yariman da za a taru a kansa. Ta wannan hanya aka sami Qianlong a 1735, da Jiaqing, da Daoguang a 1820, da Xianfeng a 1850, ba tare da irin zubar da jinin baya ba. Amma akwatin yana aiki ne idan sarki yana da 'ya'ya manya da zai zaɓa a cikinsu. Xianfeng ya rasu a Rehe, fadar hutun sarakuna, a 1861 ya bar ɗa guda ɗan shekara biyar da masu riƙon ƙwarya takwas, sai mahaifiyar yaron Cixi, da uwargida Ci'an, da ƙanen marigayin Yarima Gong suka haɗa kai suka kifar da su, daga cikinsu aka fille kan Sushun, aka umarci Zaiyuan da Duanhua su kashe kansu. Yaron, sarki Tongzhi, ya mutu a 1875 bai bar ɗa ba, Cixi ta ɗauko ɗan ƙanwarta ta naɗa, wato sarki Guangxu, duk da cewa tsaran marigayin ne a nasaba, abin da ya saɓa wa ƙa'idar gidan. Shi ma Guangxu bai haihu ba, ya rasu a watan Nuwamba na 1908 kwana ɗaya kafin Cixi, bayan ta zaɓi Puyi wanda bai cika shekara uku ba. Duk wannan an zuba mana shi cikin minti arba'in, ana kiran sallar Magariba malamin yana karanto sunaye. Tambayar da ta fi muhimmanci, wato ko raunana manyan gidan sarauta da aka yi shekara ɗari biyu ana yi shi ne ya sa babu mai iya taka wa Cixi birki, an ambace ta ne a bakin ƙofa mutane suna neman takalmansu. Da an rage mako ɗaya daga rigimar 'ya'yan Kangxi an ba wannan, da darasin ya tsaya da ƙafafunsa biyu.

Wanda yake son koyon Sinanci don ciniki ba zai ƙaru da komai a nan ba sai furucin 'yan sunaye. Wanda ya dace da ajin shi ne mai sha'awar tarihin sarauta, musamman wanda ya san tarihin gidan Dabo kuma yake son ya ga yadda wasu mutane masu nisa suka yi fama da tambayar wa zai gada. Ba a bayar da takardar shaida, ba a kuma yin jarrabawa, amma malamin yana amsa tambayoyi a zauren WhatsApp na ajin tsakanin mako, kuma amsoshinsa ba na gaggawa ba ne. Mai kula da rajista ya ce za a maimaita darasin bayan Babbar Sallah. Na roƙe shi ya ƙara mako na bakwai domin shekarun 1861 zuwa 1912, ya kuma buga jadawalin nasabar da ɗalibar nan ta zana a raba tun ranar farko. Ya ce zai kai maganar ga malamin, kuma idan an ƙara makon zan biya kuɗin wannan zaman kaɗai in koma.